Darasi: Majinyacin da Idonsa ke Gani Amma Hankalinsa Ya Bar Hagu

Da wuya a samu gari a ƙasar Maradun ko Bakura ko Talata Mafara da babu gidan da ake jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Alamomin da kowa ya sani su ne baki ya karkace, hannu ya saki, ƙafa tana jan ƙasa, wani kuma magana ta sarƙe masa. Waɗannan a fili suke, shi ya sa su ake bi da magani da gashi. Amma akwai wata alama da ba ta fitowa a jiki, sai a cikin halin majinyaci. A kawo masa tuwo a faranti, ya cinye gefen dama tas, ya bar na hagu ko taɓawa bai yi ba, sannan ya ce an rage masa abinci. A juya farantin, sai ya ci gaba da ci kamar yanzu aka ajiye. Zai yi alwala ya wanke hannun dama sau uku ya tsallake na hagu. Ɗansa ya durƙusa ta hagunsa ya ce, "Baba, ina kwana?" sai ya waiwaya dama yana neman mai gaisuwa. Mutanen gida sukan ce idonsa ne ya mutu, ko gigin tsufa ne, ko taurin kai, wasu su ce iska ce. A wannan darasi za mu kira abin rafkanar ɓarin hagu. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, ciwon ba a ido yake ba, yana cikin ikon da ƙwaƙwalwa take da shi na karkata hankali zuwa ga abu, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a zuba ido a ga yadda majinyaci yake neman abu. Wanda ya fahimci yadda nemansa ya lalace, jinyar da zai yi masa ba za ta zama irin ta da ba.

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa. Ko dai jijiyar da ke kai jini wani sashe ta toshe, ko ta fashe jini ya malala, sai sashen ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma aikinta a gicciye yake: ɓarin dama ne ke tafiyar da hagun jiki, na hagu kuma dama. Babban mai jawo wannan a ƙasarmu hawan jini ne. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya ɗora kimanin kashi 90 cikin 100 na nauyin cutar a kan hawan jini. To me ya sa aka fi rafkana da hagu? Bayanin da likitocin ƙwaƙwalwa irin su Kenneth Heilman da Marsel Mesulam suka bayar a Amurka tun wajejen 1980 shi ne, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya fi kula da abin da ke dama kawai, shi kuwa ɓarin dama yana kula da ɓangarorin biyu. Idan na hagu ya samu rauni, na dama zai riƙe masa aiki. Idan kuwa na dama ne ya samu rauni, hagu ta rasa mai kula da ita. Alƙaluma sun goyi bayan haka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 kan majinyata 1,281 ya samu rafkanar a jikin kashi 43 cikin 100 na waɗanda ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu, da kashi 20 cikin 100 na waɗanda ya taɓa ɓarin hagu. A nan ne ake yawan ruɗuwa. A yawancin mutane magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, don haka wanda ciwon ya taɓa ɓarin damansa yakan tashi da bakinsa garau, yana hira, yana ba da labarin farashin shinkafa a kasuwa, yana tuna sunayen jikoki. Sai a ce, "Alhamdu lillahi, hankalinsa bai taɓu ba." Alhali wani muhimmin sashe na hankalin ya taɓu, sai dai ba sashen magana ba ne.

Mai karatu zai iya cewa, ai wanda ba ya ganin abin da ke hagunsa makantar gefe ɗaya ce ta same shi, a kai shi asibitin ido a yanka masa tabarau. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, domin shanyewar ɓarin jiki takan kashe rabin gani, kuma wani lokaci ciwon biyu sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Amma akwai bambanci. Wanda rabin ganinsa ne kawai ya mutu, sannu a hankali yakan gane akwai abin da yake kuɓuce masa, sai ya riƙa juya kai yana cike giɓin. Mai rafkana ba ya juyawa, domin a wurinsa babu giɓin da za a cike. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga birnin Milan na ƙasar Italiya a 1978. Likitoci biyu, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti, suka ce wa majinyata biyu su ɗauka a ransu suna tsaye a babban dandalin birnin, wanda suka sani tun da daɗewa, suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su faɗi gine-ginen da ke kewaye. Sai suka lissafo na dama suka bar na hagu. Aka ce to yanzu su ɗauka suna tsaye a ƙofar majami'ar sun juya mata baya. Sai suka lissafo waɗanda suka bari ɗazu, domin yanzu su ne a dama, suka kuma bar waɗanda suka faɗa da farko. Suna zaune ne a ɗakin asibiti, ido bai yi aikin komai ba, kuma ilimin gine-ginen duka yana nan cikin kansu tun da sun faɗe su a zagaye biyun. Abin da ya gaza shi ne juya hankali hagu, ko da a cikin tunani ne. An kuma gwada majinyata a ɗaki mai duhu ƙirin, aka ce su nemi wani abu, ana bin motsin idonsu da na'ura. Binciken Julia Hornak na 1992 da na Hans-Otto Karnath a Jamus sun nuna idanunsu suna ta yawo a dama, ko da yake babu abin gani a ko'ina. Tabarau ba ya gyara wannan.

Wani abin da ya fi ban mamaki shi ne, abin da ke hagu yakan shiga ƙwaƙwalwa, sai dai ba ya isa ga sanin mai ita. A 1988 John Marshall da Peter Halligan a Ingila suka nuna wa wata majinyaciya zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta tana ci a gefensa na hagu. Ta ce babu bambanci tsakaninsu. Da aka tambaye ta wanne za ta fi son zama a ciki, ta ce tambayar ba ta da ma'ana tun da duk ɗaya ne, amma a mafi yawan lokuta sai ta nuna wanda ba ya cin wuta. Ana iya ganin ɗan'uwan wannan a gida. A taɓa bayan hannun hagu na majinyaci shi kaɗai, idonsa a rufe, zai ce an taɓa hagu. A taɓa hannayen biyu lokaci guda, sai ya ce dama kaɗai aka taɓa. Wato hagu tana iya samun shiga idan babu abokin takara, amma da zarar dama ta yi motsi sai ta danne ta. Wannan ya isa ya wanke majinyaci daga zargin da ake yi masa. Idan jiya ya ga jikarsa da ta shigo ta hagu ɗakin babu kowa, yau kuma bai gan ta ba alhali baƙi sun cika damansa, ba wulaƙanci ba ne kuma ba ƙarya yake yi ba. Sau da yawa ma ba ya sanin yana da matsala ko kaɗan, har wani ya yi musun cewa hannunsa ya shanye. Likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana wannan rashin sanin ciwon kai tun 1914. Yin gardama da irin wannan majinyaci, ko kunyata shi a gaban surukai don ya yarda, zalunci ne da ba a yi niyya ba, kuma ba ya haifar da komai sai ɓacin rai.

Yanzu mu zo ga neman abu, wanda shi ne zuciyar darasin. A 1973 likita Martin Albert ya fito da wani gwaji mai sauƙi: takarda da aka warwatsa gajerun layuka kusan 40 a kanta, a ba majinyaci biro a ce ya soke kowane layi da ya gani. Mai rafkana yakan soke na dama ya ajiye biro ya ce ya gama. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, su ƙirga layukan da aka bari. Amma wanda ya tsaya ya kalli hannun majinyaci da idonsa tun daga farko zai ga abin da ƙirga ba ta nunawa. Zai ga daga can ƙarshen dama yake farawa, kamar akwai abin da ke fizgar idonsa zuwa wurin. Zai ga babu wata iyaka tsayayya a tsakiyar takardar: yau ya kai rabi, gobe ya wuce rabi, idan aka ƙara tarkace a takardar ko ya gaji sai ya tsaya tun bai bar gefen dama ba. Sannan zai ga abin da ya riga ya soke yana riƙe shi. A 1988 Victor Mark da abokan aikinsa a Amurka suka sake tsarin gwajin, suka sa majinyata su riƙa goge layin da suka samu maimakon su soke shi. Da layukan dama suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai majinyatan suka matsa hagu fiye da yadda suka yi da farko. Hagu ba ta canza ba, dama ce aka kwashe. Wannan ya dace da abin da Michael Posner ya nuna a 1984, cewa babbar wahalar irin waɗannan majinyata ita ce ɓamɓare hankali daga abin da ya kama shi a dama. Ke nan ba daidai ba ne a ce hagu ta ɓace musu kawai. Dama ce ta yi musu yawa.

Akwai kuma wata matsala da ta fito fili a binciken Masud Husain da abokan aikinsa a Landan a 2001. Suka sa majinyaci neman wasu haruffa a fuskar kwamfuta, ba tare da ya bar alama a kan wanda ya samu ba, sai dai ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga sabo. Na'urar da ke bin idonsa ta nuna yana komawa kan haruffan dama da ya riga ya gani, yana sake dannawa a kan cewa sababbi ne. Ba ya riƙe inda ya riga ya duba. Kamar mai kalar gyaɗa ne da ba ya tuna kunyar da ya bi, sai ya yi ta maimaita kunyoyi uku na bakin gona har rana ta faɗi, yana ganin aiki yake yi, sauran gonar kuwa ko taka ta bai yi ba. Idan aka haɗa fizgar dama da wannan mantuwa, za a gane dalilin da zai sa dattijo ya daɗe yana lalube a kan tabarma yana neman casbaharsa, yana ɗaga hula yana ajiyewa, yana ɗaga rediyo yana ajiyewa, ya sake komawa kan hular, alhali casbahar tana kusa da gwiwarsa ta hagu. Ba ƙoƙari ya rasa ba. Ƙoƙarin ne yake zagaye wuri ɗaya. Kuma an ga cewa kasala da gyangyaɗi suna ƙara tsananta abin: Ian Robertson da abokansa sun nuna a 1998 cewa ƙarar da ta farkar da majinyaci, ko ba daga hagu ta fito ba, takan sa ya lura da hagu na ɗan lokaci.

A ƙasarmu akwai wani abin lura da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato muna da karatu iri biyu. Boko daga hagu yake farawa, saboda haka mai rafkana yakan yanke farkon layi ko farkon kalma, ya kama daga tsakiya, karatun ya fita babu ma'ana, nan da nan a gane akwai matsala. Alƙur'ani da ajami kuwa daga dama suke farawa, don haka zai kama farkon layi daidai, ƙarshen ne zai kuɓuce masa. An ga irin haka a majinyata masu karanta Ibrananci, wanda shi ma daga dama ake rubuta shi. Idan majinyacin mahaddaci ne, hadda za ta iya cike masa abin da ido bai kai ba, ya yi tilawa babu tuntuɓe, mutanen gida su ɗauka ya warke. Haka kuma wanda ya tashi da allo, ya saba fara duba shafi daga dama tun yana yaro, farawarsa daga dama a gwajin takarda ba hujja ba ce ita kaɗai. Binciken da ya kwatanta masu karanta Faransanci da masu karanta Ibrananci ya nuna cewa al'adar karatu tana tasiri a kan inda lafiyayyen mutum yake karkata idonsa. Abin dubawa shi ne ko ya ƙarasa har ƙarshen hagu, da kuma ko yana maimaita inda ya riga ya wuce.

Idan haka neman majinyaci ya lalace, to daka masa tsawa a ce "duba hagunka" ba zai yi amfani mai ɗorewa ba. Zai duba a lokacin, bayan minti ɗaya ya koma. Ga shi kuma hagun da ake nufi ba ta da iyaka a wurinsa, yana iya ɗan karkata kaɗan ya ɗauka ya kai ƙarshe. Abin da yake buƙata shi ne alamar da za ta gaya masa ya kai. Tun 1977 Joseph Weinberg da Leonard Diller da abokan aikinsu a New York suka riƙa horar da majinyata da layi mai kauri a gefen hagu na shafi, a ce kada su fara karatu sai sun nemo shi. A gida jan ƙyalle ya isa. A ɗaura shi a gefen hagu na faranti ko tire, 'yarsa ta zauna ta ce, "Baba, ɗora hannunka a bakin farantin, bi shi a hankali har ka taɓa jan ƙyallen, sannan ka fara ci daga nan." Hannu yana jan ido. Idan hannun hagu yana ɗan motsi, ko da yatsu ne, a sa shi ya motsa su a can gefen hagun, domin an ga hakan yana taimakawa wajen jawo hankali wurin. Darasin gwajin gogewa kuma shi ne a rage abin da ke dama: a kashe rediyo, a ɗauke kwanon da ya gama da shi, kada baƙi su jeru a damansa ana son ya kula da mai ba shi magani a hagu. Darasin mantuwar inda aka duba shi ne a ba shi tsari guda da ba ya canzawa, a riƙa faɗa da baki. Alwala ma a tsare take, dama sannan hagu, sai mai zuba masa ruwa ya riƙa ambaton kowace gaɓa har ya saba faɗa da kansa. Masu jinya sukan yi saɓani a kan ko a ajiye masa komai a dama don ya huta, ko a hagu don ya koya. Ni a ganina a raba. Ruwan sha da buta da waya, duk abin da zai nema shi kaɗai cikin dare, a ajiye a dama, domin barin mara lafiya da ƙishirwa ba horo ba ne. Hira da cin abinci da gaisuwa, lokacin da akwai mai taimaka masa, a riƙa yi ta hagu.

Akwai ƙalubale mai nauyi da ya kamata a saurara. Wani zai ce, shin an tabbatar waɗannan dabaru suna warkarwa? Amsar ita ce ba a tabbatar ba yadda ake so. A 1998 Yves Rossetti da abokansa a birnin Lyon na Faransa suka sa wa majinyata tabarau mai karkatar da gani digiri 10 zuwa dama, suka sa su yi ta nuna abu da yatsa na 'yan mintoci. Da aka cire tabarau, sai rafkanar ta ragu na aƙalla awa biyu. Duniyar likitoci ta yi murna, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sakamakonsu ya sha bamban. A 2021 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 65 na hanyoyin magance rafkana ba da ƙwaya ba, ta ce hujjar da ke akwai ba ta kai a tabbatar da amfani mai ɗorewa ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, domin duk wanda ya zo masa da alƙawarin warkarwa cikin mako guda, da na'ura ko da garin magani, ya faɗi abin da manyan asibitocin duniya ba su iya faɗa ba. Amma rashin tabbacin warkewa bai rushe hujjarmu ba. Abin da babu shakka a kansa shi ne, mai rafkana ya fi sauran masu shanyewar ɓarin jiki faɗuwa da jin rauni, kuma ya fi su jinkirin komawa ga kula da kansa. Jan ƙyalle da kashe rediyo ba sa cin kuɗi kuma ba sa cutarwa, ga shi suna sa ya cinye abincinsa yau, ko ba su gyara ƙwaƙwalwarsa har abada ba. Wanda ya ci rabin abinci wata uku jikinsa zai nuna.

Wasu kuma za su ce a bar shi, da kansa yake warkewa. Gaskiya ne da yawa suna samun sauƙi, musamman a watanni ukun farko. Wani mai zane na Jamus, Anton Räderscheidt, wanda ciwon ya same shi a 1967, ya yi ta zana fuskarsa a watannin da suka biyo baya, kuma a zanen ana ganin gefen hagu da ya fara zama fanko yana cikowa sannu a hankali. Amma binciken 2004 da muka ambata ya samu cewa bayan wata uku, kashi 17 cikin 100 na waɗanda ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu suna nan da rafkanar. Ko waɗanda ake ganin sun warke, takan ɓuya a ɗaki mai shiru ta fito a cikin hayaniya. Mutum zai iya cinye gwajin takarda a gida, ranar Talata kuma ya shiga kasuwar Mafara, masu amalanke da 'yan acaba da masu talla su cika masa dama, ya bangaji duk abin da ke hagunsa. Hatsarin titi ya fi wannan. Tun 1972 motoci a Najeriya suke bin hannun dama, wato duk wanda zai tsallaka titin Gusau zuwa Sakkwato, motar da za ta fara iso shi daga hagunsa take fitowa, daidai ɓangaren da hankalinsa ya bari. Haka manomin da ya koma fadamar Bakolori yana bin bakin magudanar ruwa, ko uwar gida da ta koma gindin murhu da zanenta yana jan ƙasa ta hagu. Saboda haka komawa kan babur ko tuƙin mota ba abu ne da majinyaci zai yanke wa kansa ba, tun da ciwon nasa ya haɗa da rashin sanin yana da shi. Sai likita ya gwada shi.

Saura maganar iska da maganar nisa. Babu mai hana addu'a, kuma majinyaci yana buƙatarta. Amma ciwon da yake bin tsari ɗaya a Milan da Landan da Kano, wanda hoton ƙwaƙwalwa yake nuna gurbinsa a ɓarin da ke gicciye da inda aka rafkana, ciwon jijiya ne, kuma kwanakin da za a ɓata kafin a je asibiti ba sa dawowa. Idan toshewa ce, maganin narkar da gudan jini yana aiki ne a cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce. Daga gari kamar Dosara wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyi suke ciki na rashin tsaro. Duk da haka a fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Talata Mafara, daga nan a iya tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko an makara, zuwan yana da amfani, domin a daidaita hawan jini kada ciwon ya sake dawowa, a kuma haɗu da ma'aikatan gashi da motsa gaɓoɓi. Waɗannan ma'aikata ba su da yawa, mafi yawansu kuma a manyan birane suke, likita kuwa 'yan mintoci yake ganin majinyaci. Wanda yake ganinsa safe da yamma shi ne matarsa ko 'yarsa ko ƙaninsa. Idan ba su faɗa ba, mai yiwuwa a duba hannu da ƙafa a sallame shi ba a gano rafkanar ba.

Aikin da za a yi a aji shi ne, a samu faifai a warwatsa ƙwayar wake 20 a kansa, goma a kowane gefe, a cakuɗa da 'yan tsakuwa. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya yana nuna waken da yatsa ba tare da ya ɗauka ba, ɗaya yana kallonsa yana rubuta inda ya fara, da hanyar da ya bi, da ko ya koma kan wanda ya riga ya nuna. Sannan a sake, wannan karon yana tsince kowane wake yana ajiyewa a gefe. Manufar ita ce ido ya saba da yadda lafiyayyen nema yake, a jere, daga gefe zuwa gefe. Wanda yake da majinyaci a gida zai iya yi masa haka, faifan a daidai tsakiyar ƙirjinsa, mai gwajin a gabansa ba a gefe ba, da safe lokacin da bai gaji ba, kuma ba a gaban baƙi ba. Wannan ba ya maye gurbin gwajin likita. A rubuta kwanan wata da adadin waken da ya bari a hagu a kowane zagaye, a maimaita bayan mako guda, a tafi da takardar ranar komawa asibiti.